Dabinon Kalaba

A layinmu na Gyadi-Gyadi ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ko Wudil mutum ya je ya kwana, sai maƙwabta sun gani a kwano. Direban tirelar da gidansa ke kallon namu, in ya dawo daga Legas, matarsa takan zagaya da burodi da kwakwa. Alhajin gidan kusurwa ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa Umara, Hajiyarsa kuwa ba ta taɓa tsallake ƙofarmu ba: dabino, da zamzam a 'yar kwalba, wani lokaci har da carbi. Ko malamin makarantar da ke haya a bayanmu, in ya je ganin gida, sai an aiko mana da ƙullin daddawa.

Mu ne gidan da ba a tafiya. Mahaifina ya rasu ina firamare, Inna ta riƙe mu da koko da ƙosai. Duk tsarabar da ta shigo takan karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta zuba ƙosai a kwanon a mayar, domin yaba kyauta tukwici. Sau ɗaya na ji ta ce, ba ma da ni take ba, "Ni dai Allah kar ka ɗauki raina ban aika da nawa kwanon ba." Wannan ne burinta a duniya. Ba gidan bene take so ba, ba gwal ba. So take wata rana ita ma a tsaya a ƙofarta a ce an ga tsaraba, an gode.

Ni ne ɗan fari, don haka ba ta faɗin sunana. A gabanta "kai" nake, a bayan idona kuma "yaron nan".

Bautar ƙasa ce ta jefa ni Gembu, can kan tsaunin Mambila, inda Bakano zai kwana da rigar sanyi a watan da ake kwanan waje a gida. Kaɗaici ya sa na buɗe shafi a intanet ina rubuta abin da na gani da Hausa: gonar shayi, shanu a kan tudu, inda ake hawa mota, da irin abincin da ba zai ɓata wa baƙo ciki ba. Na dawo Kano da takardar shaida, na yi ta yawon neman aiki har takalmi ya suɗe, shiru kake ji. Shafin kuwa sai tara jama'a yake yi.

Ina da aboki mai gyaran waya a kasuwar Tarauni, a shagonsa nake wuni ina cajin waya ina cika shi da surutu. Shi ya fara ɗaga mini ido.

"Kai fa kana zaune a kan arziki kana hamma," in ji shi. "Ka bari a sa talla a gefen shafin nan. Ka nemi masu otal su ba ka kwana kyauta ka rubuta labarinsu. Ka tara mutane ka kai su yawon buɗe ido. Ko hotunan nan naka ai akwai masu saya."

Duk na gwada. Tallar gefen shafi sai ta yi wata da watanni kafin ta saya mini data. Wani masauki ya ba ni ɗaki kyauta, na rubuta cewa gadonsu da laushi amma sauronsu ba shi da imani, daga nan ba su sake kirana ba. Na manta cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na kuma kwashi wasu ma'aikata na kai su ganin namun daji a Bauci, suka wuni suna tambayata ina zakin yake, sai ka ce ni na ɓoye shi. Ana dai samu, amma ba abin da za a dogara da shi ba.

Abin da ya karɓe ni ba ya cikin lissafin abokina. Bahaushe ba ya ganin matafiyi ya ƙyale shi bai ba shi saƙo ba. Ƙarƙashin kowane rubutu sai ka ga an ce, "Malam, in za ka koma Gembu a taho mini da zuma," wata ta ce ganyen shayi. Da abin ya yi yawa sai na ce to kowa ya turo kuɗinsa tun kafin na tashi, in ɗora la'adata a kai. Suka turo. Na yi wa Inna bayani, ta saurare ni tana dama ƙullu, ta ce, "Allah ya taimaka." Tun daga ranar ta raɗa wa masu karatuna suna mutanen waya.

Ranar wata Juma'a da hantsi na sauka a tashar Unguwa Uku da jarkokin zuma da buhun ganyen shayi. Na yi shatar adaidaita sahu har ƙofar gida, na jibge kayan a tsakar gida, na yi wanka na tafi masallaci. Bayan an idar na tsaya gaisawa da abokai, hira ta yi daɗi, ban waiwayo gida ba sai bayan la'asar.

Tun daga bakin layi na fara shan albarka. Matar direba ta leƙo ta ce Allah ya ƙara buɗi. Malamin makaranta ya riƙe hannuna ya ce irin wannan zuma sai a littafi. Na shiga gida na tarar da Inna ta ɗaura zanenta na salla, ta baje kwalabe da ledoji a kan tabarma, jarka ɗaya ta ƙare, ta biyu ta kusa. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na ranar ba.

"Inna, kayan nan fa na mutane ne."

"Ai mutanen na ba."

"Mutanen waya, Inna. Sun biya kuɗinsu tun kafin na tafi."

Ta ajiye ludayin a hankali. "Su mutanen wayar, su suka zauna da ni ranar da ubanka ya rasu?" Ta ce, "Kayan da matafiyi ya shigo da su ya ajiye a tsakar gida sunansu tsaraba. In na sayarwa ne, ai kasuwa ake kai su."

Kyautar da ta fita ba a bin ta gida gida a ce a dawo da ita, ko mahaukaci ya san wannan. Na ba masu kaya haƙuri, wasu suka yi dariya, wani ya rubuta a fili cewa ni ɗan damfara ne. Sai da na sake hawa tsaunin nan da guzurin aljihuna kafin na wanke kaina. Na yi fushi ƙwarai, amma fushin bai sami inda zai sauka ba.

Da bakinta ta ba ni mafita, don haka na bi. Abokina ya ware mini lungu a shagonsa. Daga tasha sai Tarauni, a can masu saƙo suke zuwa su karɓa, ko a aika musu. Gida kuma in shiga da jakar goyo da ɗan abin da na keɓe wa Inna ita kaɗai, 'yar kwalba ko ɗan ƙulli. Takan karɓa ta yi godiya, ba ta taɓa cewa ya yi kaɗan ba.

Harka ta buɗe. Turaren wuta daga Maiduguri, cuku daga Damagaram, dankali daga Jos, manja daga kudu. Na fara haɗawa da bidiyo, masu motocin haya suka fara biyana in ambace su. Na gyara rufin ɗakin Inna, na ce ta huta da suyar nan haka, hayaƙi yana cin idonta. Ta ce hannun da ya saba ba ya iya zama. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, na ƙyale ta.

Wata shekara na je Kalaba. Kashegarin dawowata ina wucewa ta gidan kusurwa sai Hajiya ta hango ni daga zaure ta kira ni. Lokacin Alhaji ya rasu, ita ma girma ya kama ta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗana, mun ga tsaraba, an gode. Dabinon Kalaba akwai zaƙi."

Na ɗago kai. Duk yawon da na yi a garin nan ban ga bishiyar dabino ko ɗaya ba, kuma abin da na kawo wa Inna busasshen kifi ne a 'yar leda. Hajiya ta kalli fuskata ta tuntsire da dariya har tana tari.

"Zauna," in ji ta. "Jikata tana karanta mini shafin nan naka. Na san jirgin ruwa ka hau, na san kifi da manja ne a can. Duk ranar da ka dawo, uwarka takan jira ka fita, ta yafa mayafi ta tafi Unguwa Uku, don ta san a Tarauni za ku yi karo. Ta sayo abin da cinikin ƙosanta ya kai, ta ƙulla, ta aiko a ce ɗanta ya dawo. Ka je Jos, dabino. Ka je Lokoja, dabino. Ita a wurinta babu tsarabar da ta kai shi daraja."

"Hajiya, su waye suka sani?"

"Duk layin nan."

"Amma ba wanda ya faɗa?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara nawa tana karɓar namu tana godiya? Yanzu mu ne da karɓa." Ta gyara zama. "Kai ma ban gaya maka don ka je ka tsare ta da magana ba. Na gaya maka ne don na ga ƙafarta ta fara ciwo, Unguwa Uku kuma da nisa."

Tausayi ya kama ni. A zauren nan na zauna na yi hawaye, Hajiya ta juya kai tana jan carbi kamar ba ta gani ba.

Ban taɓa tayar wa Inna da maganar ba. A tafiya ta gaba kaya biyu na ɗaure. Ɗaya ya sauka a Tarauni, ɗaya na kinkimo na jibge a tsakar gida, daidai inda na ajiye jarkokin nan tun farko. Ta fito daga ɗaki ta tsaya a kansa.

"Na mutanen waya ne?"

"A'a, Inna. Na layi ne."

Ta kalle ni. Na san ta gane an gaya mini, ita ma ta san na sani. Abin da kawai ta ce shi ne, "Miƙo mini faifan can."

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma har gobe ina kewarsu. In na dawo sai mu baje tabarma, tana ƙullawa tana tambaya. Wannan daga wane gari? Mutanen can suna salla? Da me suke miya? Kason Hajiya ya fi na kowa girma, sai na matar direba. Har samarin da suka zo daga ƙauye suna jan adaidaita sahu, suna haya ɗaki ɗaya a ƙarshen layi, waɗanda ba wanda ya taɓa aika musu da komai a birni, sai da ta sa su a rabo. In mata sun zo godiya ta riƙa ba su labarin Agadas da Obudu kamar da ita aka je, in ta yi kuskure ba na gyara mata. Ba da jimawa ba ta kife kaskon ƙosai da kanta, ba wanda ya roƙe ta.

Ina hanyar dawowa daga Gembu, mun iso Jalingo, aka kira ni aka ce Inna ta rasu. Kafin na iso Kano an kai ta. Ban bi ta Tarauni ba. Na shigo da jarkar zumar layi a hannu, na ajiye ta a tsakar gida don ban san inda zan kai ta ba, na fita na zauna a tabarmar makoki.

Ana cikin karɓar gaisuwa Hajiya ta shigo tana dogara sanda. Ta ga jarkar, ta tambayi ƙanwata ta wace ce, aka gaya mata. Sai ta ce a kawo kwalabe da kwanukan Inna. Da hannunta ta zuba, gida gida, ba ta manta kowa ba, har ɗakin samarin ƙarshen layi. Daga inda nake zaune na ji tana gargaɗin masu kaiwa.

"Kar wanda ya ce in ji ni. Ku ce in ji ta. Ku ce ɗanta ya dawo."

Kafin magariba kwanukan suka fara dawowa. Ba wanda ya dawo wayam, kuma kowanne da abu iri ɗaya a ciki. Ƙanwata ta juye su a faifan Inna har ya cika ya yi tozo, ta kawo gabana tana tambaya wa ya ce a yi tukwici da dabino. Na ɗauki ɗaya na sa a baki.