Manzo Mai Rufi, Wanda Aka Kwantar Bayan Madafa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, wani daga kan shimfiɗarsa, wani daga bakin aikinsa.

Ranar Alhamis, 23 ga Yuli 1964, da hantsi, Allah ya karɓi ran Manzo ɗan Magaji, mutumin Barmu, wanda garin Tawa ya sani da Manzo mai rufi. Ya cika a gidan likita, bayan faɗowar da ya yi daga saman gidan ƙanensa. Ni Alƙasum tela, katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa, kuma ni na ɗauko shi ranar da abin ya faru.

Manzo, ba neman arziki ya kawo ka Tawa ba. Mahaifinku na rasuwa aka ɗauki ƙanenka Yunusu aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, kai kuma ka bar gonarku ka biyo shi don kada ya yi maraicin uba da na ɗan'uwa a lokaci guda. Ka shiga lebura wurin maginan Turawa. A nan ka koyi aikin tuwil, jajayen faya-fayan nan na gasasshen yumɓu da ke rufe da tsofaffin gidajensu, waɗanda kowane ke kama da gefen ɗan'uwansa kamar haƙora.

Na sha tsayawa a ƙasa ina kallon ka. Sai ka zura bakin ƙarfen ɓamɓararka a ƙarƙashin na sama, ka ɗaga a hankali, ka tokare da guntun katako, ka zare fasasshen, ka tura lafiyayye har ya zauna a gurbinsa. Sababbi sun daina zuwa tun tafiyar Turawa, don haka duk kangon da ya rushe kana can kana tsintar masu sauran rai. Ƙarfen nan ba ka ba kowa aronsa, ko ni. Rowarka ke nan guda ɗaya da na sani, sai kuma zafin rai idan an taɓa maka tsani.

Unguwarmu ba mai tuwil, duk ɗakunan ƙasa ne, amma mun fi kowa cin moriyarka. Da hadarin farko ya haɗu sai mu gan ka a kan soron tsohuwa Larai, wadda ba ta da kowa, kana liƙe tsaga kana gyara indararo. In ta miƙo maka goro sai ka raba biyu ka mayar mata da rabi. Shekarar da rufin shagona ya rufta, kai ka fara isowa, ka janye keken ɗinkina daga cikin laka kafin ka tambaye ni ko na ji ciwo, muka yi ta dariya muna jiƙe.

Da Yunusu ya zama babban ma'aikaci aka ba shi ɗaya daga cikin gidajen nan, ka yi kwanaki kana tare mutane a hanya kana nuna musu gidan da leɓe. Ba ka taɓa faɗa mini cewa ta ƙofar baya kake shiga ba. Daga bakin Ciɗo, kukun gidan, na ji.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, Yunusu yana jiran wani babba daga Yamai, zai ci abincin rana a gidansa. An yi ruwa da safe, rufin ya yi yoyo daidai kan teburin cin abinci. Ya aika aka kira ka, ka ajiye furarka ka tafi. Ka hau, tuwil na jiƙe da santsi. Ka ɗaga na sama, ka jingina nauyinka a kan ƙarfen, katakon da ke ƙarƙashi ashe gara ta cinye shi. Ya karye, ka sulalo, ka faɗo da baya a kan dakalin siminti na gaban gida.

Ciɗo ya rantse mini a kan abin da ya biyo baya. Yunusu ya fito, ya dube ka, ya dubi hanya, ya dubi agogonsa. Mota tana tsaye a ƙofa, direba na ciki. Ciɗo ya ce, "Maigida, a sa shi mota." Yunusu ya ce motar ta tarbar baƙo ce, an riga an wanke ta. Ya sa aka kama ka hannu da ƙafa, kai mai karyayyen baya, aka zagaya da kai bayan madafa aka kwantar kusa da tarin itace. Aka share fasassun tuwil, aka zuba yashi a kan jinin.

Baƙon ya iso, ya zagayo wanke hannu, ya ji nishi. Ya tambaya da Faransanci ko wane ne. Yunusu ya amsa masa da Faransanci cewa wani lebura ne ya zame, ba wani abu ba ne, an aika a kira danginsa. Ya manta shekarun da ka yi a ƙarƙashin maginan Turawa. Ka ji kowace kalma.

Ciɗo ne ya bar tukunya a kan wuta ya sheƙo shagona. Na nemo amalanken jaki muka ɗora ka. Kowane rami muka faɗa sai ka cije leɓe. Ƙafafunka kuwa ba ka san suna nan ba. Mun kusa gidan likita ka ɗago ido sama ka ce, "Alƙasum, hadari na tahowa. Ban ruhe wurin ba. Ruwa za shi zuba ma yaron cikin ɗaki." Yunusu kake kira yaron.

Ma'aikatan gidan likita sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Daga Asabar zuwa Alhamis, duk wanda ya ɗaga labule sai ka juyo da kai. Larai ta zo da sandarta. Mutanen Barmu sun zo, har da na Afala da ka taɓa yi wa aiki. Matarka Kaltumi ba ta gusa daga gefenka ba. Ran Laraba ka tambaye ta, "Bai taho ba?" Ta ce aiki ya yi masa yawa. Ka ce, "Hakanan na, aikin gwamnati." Ba ka sake tambaya ba.

Yunusu ya zo ranar jana'iza, cikin motar nan, da farar babbar riga. Ya zauna a kan tabarmar gaba, manyan gari na miƙa masa hannu suna cewa ya yi haƙurin rashin wansa, yana sunkuyar da kai. Ya kawo buhun shinkafa. Kaltumi ta sa aka mayar da shi cikin motar. Ciɗo kuwa tun daren Asabar aka kore shi, saboda miya ta ƙone.

Allah ya jiƙan ka, Manzo. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinka, ya sa ka a inuwar da ba ta yoyo. Ina miƙa ta'aziyya ga Kaltumi, da ƴaƴanka Huseina da Attaher, da dangi na Barmu, da mutanen unguwarmu da damina ta same su babu kai. Allah ya ba Ciɗo abin yi mafi alheri. Yunusu ya riga ya karɓi gaisuwar garin nan duka, ba ya bukatar tawa. Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyayyen tunani. Amin.