Ƙafar Nomau da Fitilar Mota

A tashar Gazawa, Nomau kaɗai ne direban da ke jan mota otomatik, kuma ba don gayu ba. Tun da babur ya karya masa ƙafar hagu a hanyar Cadawa, ƙafar ta daina iya taka kuloci. Ya yi shekaru yana sayar da aya a bakin tasha, yana bin kowace mota da ido, kafin ya samu wata tsohuwar mota mai canza giya da kanta. Ina aiki a buron tasha, wato ofishinta, ta tagata nake ganin fitarsa da dawowarsa.

Bayan girbin bara, wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a tablon motar, allon da ke gaban direba, ta ƙi mutuwa. Ba a jima ba motar ta maƙale a giya guda: wajen tashi kamar an ɗaure ta, a kan kwalta kuma injin sai kuka. Fasinjoji suka fara zamewa zuwa motar baya.

Jibo, bakaniken tasha, ya zaro sandar man giya, ya duba, ya sansana.

"Man nan ja ne, ba ya ƙauri. Malam Nomau, a cire akwatin giyar nan a sa mata giyar hannu, kowa ya huta."

"To, za ka haɗa mini da ƙafar?"

Jibo ya goge hannu, ya mayar da sandar man.

Daga nan Nomau ya rasa zama. Ya canza fulogogi, fitila na nan. Ya daina shan man kwalba na bakin hanya, tana nan. Ya liƙe ta da takarda, kafin ya fita gari ya ɓare don ya gani ko ta mutu. Matarsa Batulu ta ce a tsaye yake cin tuwo. Wata rana ta ce masa, "Maigida, farantin ayar fa yana nan." Bai ƙarasa tuwon ba.

Da ya ji labarin wani Usaini mai na'urar bincike a Gidan Rumji, sai ya ja motar a hankali, ba fasinja, ya ratsa Maraɗi, masu babur suna wuce shi. Usaini ya jona na'urar ƙarƙashin sitiyari, ya karanta.

"Akwatin giyarka lahiya lau. Abin da ke gaya mishi gudun mota ne ya yi shiru."

Ya shige ƙarƙashin motar. Da ya fito, yana riƙe da guntun waya duk cizo, kashin ɓera a kafaɗarsa.

"Baba, ina kake aje ta?"

"Gindin rumbu. Nan ne babu rana."

"To ɓerayenka sun ƙoshi da hatsi, sun koma marmari."

Ya haɗa wayar, ya naɗe, ya share laifin daga na'ura. A hanyar dawowa, Nomau ya ce da ya ji giya ta shiga ta gaba ba tare da fizga ba, sai ya rage gudu ya sake takawa, don kawai ya ƙara ji.

Yanzu motar a gindin bishiyar bedi take kwana, gaban burona, nesa da kowane rumbu. Daga gida yake takowa da sandarsa. Kafin ya ɗauki kowa sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya murza makulli, ya tsura wa tablo ido har fitilar ta mutu. Fasinjoji na mita, ba ya jin su. Farantin ayar kuwa, Batulu ta ce ya hana a bayar da shi, ya kuma hana a ajiye inda zai gan shi.