Yaya Abdulra'uf da Ɗan Ƙarfen da Ya Ƙi Jefarwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, ashirin da biyar ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Abdulra'uf makanike. Ya yanke jiki ya faɗi a garejinsa, hannunsa da baƙin mai, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. An yi masa sutura bayan la'asar a nan Matameye.

Yaya, ni ce ƙanwarka Baiwa. A zaman makoki kowa ya faɗi alherinka. Wani dattijo daga Icirnawa ya ce ka taɓa barin tuwo a gabanka, ka hau babur ka bi shi har daji don ka tayar da motar da ta mutu da mai naƙuda a ciki. Ni abin da zan faɗa ya fi wannan nauyi a bakina.

Da maigidana ya rasu ya bar mini yara huɗu da tsohuwar akori-kura mai shan man gazuwal, dangi suka ce a sayar. Kai ka hana. Ka ce wannan ita ce gonar yaran. Ka samo Tanko direba, shekara shida tana jigilar rake daga Ɗan Barto, kai kake duba ta, ko goro ba ka taɓa karɓa ba.

A farkon raken bana ta yi zafi a hanya, har ruwanta ya tafasa. Ka buɗe ka ce termosta ce, wani ɗan ƙarfe mai ɗan huji a gefe, da bai cika tafin hannu ba, mai tsare ruwa sai inji ya ɗau zafi sannan ya buɗe masa hanya. Duk gareji aka ce cire ka jefar, kowa haka yake yi, abin ƙasar sanyi ne, mu da muke cikin rana me za mu yi da shi? Ka ce a'a. Ka ce injin gazuwal in ya rasa ta ba ya kai zafin aikinsa, sai ya riƙa shan mai yana cin kansa a hankali, ba a ganewa sai ya kwanta. Ka tafasa ruwa a gwangwani ka jefa ta a gaban idona, ta ƙi buɗewa. Ka aika Damagaram. Wadda aka kawo ka juya ta, ka duba lambar zafin da ke jikinta, ka ce ba ta wannan injin ba ce, ka mayar. Kwana huɗu mota na tsaye, rake na bushewa a gona, masu saye suka koma wurin wani.

Rana ta huɗu na sa mayafi na zo. Ni da ban saba ɗaga murya ba, a gaban mutane na ce maka, "Da kana da 'ya'ya, da ka san abin da kwana huɗu yake nufi."

Shekara ashirin da shida kuna tare da matarka Najaha, Allah bai ba ku haihuwa ba. Na sani, kuma na faɗa. Ka goge hannunka da tsumma, ka ce, "Haka ne, Baiwa. Je ki gida, gobe za ta tashi." Washegari kuwa ta daidai ta iso, ka saka, mota ta tashi.

Tun ina ƙarama a makarantar allo aka koya mini cewa haƙƙin mutum sai shi ya yafe da kansa. Mako bakwai ina cewa Jumma'a zan je. In na doso layinku sai kunya ta juya ni. Har Laraba ta zo.

Ranar sadakar uku na durƙusa gaban Najaha na tambaye ta ko ka faɗa mata abin da na ce. Ta ce ba ka taɓa kawo maganar gida ba. Sai ta jawo wani ɗan kwali daga ƙarƙashin gado, ta ce bayan gyaran da mako guda ka sake aikawa aka kawo wata termosta, ka ce a ajiye don gaba, kada a sake yin kwana huɗu. Ta ce, "Karanta mini, ke kika iya ajami."

Rubutunka ne a jikin kwalin, da biro, a karkace: "Kada a jefar. Ɗan hujin ya kalli sama. Ta motar 'ya'yana."

Ban ji daga bakinka ba, Yaya, kuma ba zan ƙara ji ba. Wannan kwalin shi ne abin da na samu, shi nake riƙe da shi.

Allah Ya jiƙan Abdulra'uf, Ya yafe masa kamar yadda nake zaton ya yafe mini, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya makwancinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi da abokan aikinsa na gareji. Najaha, Allah Ya ba ki haƙuri. Yaran nan huɗu ya riga ya rubuta nasa ne, don haka naki ne. Kullum za su zo gaishe ki.