Elwood Brandvold da Ƙaryar da Aka Rataya a Gaban Kaka

Ƙarfe shida na safe, ko ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka ji tarin tsohuwar motar Elwood Brandvold tana hawa tudun da ke bayan gidan tarihin ɓauna na garinmu, Harlow Creek. Sai ya zagaya shinge tukuna, ya fasa ruwan da ya daskare a kwami da gatari, ya duba ɓauna ashirin da ukun da ke kiwo a filin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sauko ya buɗe ƙofa, ya ɗora kofi, ya goge ƙoƙunan kai da fatu da tsofaffin bindigogin mafarauta. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Ran Juma'a zai miƙa makullai, kuma kwamitin gidan ya sanar cewa ritaya ya yi. Ƙarya suke yi. Korar sa aka yi saboda ya ƙi maimaita wata magana guda ɗaya, kuma ni raina a ɓace yake.

Mu nan duk a cikin shanu muka tashi, shi ya sa kowa ke ganin ya san ɓauna. Elwood kaɗai ya yarda bai gama sanin ta ba. Ba a kora ɓauna, sai dai a lallaɓa uwar garke, inda ta sa ƙafa sauran su bi. Uwar garkenmu wata tsohuwa ce da yake kira Kaka. Duk shekara in lokacin gwajin jini ya zo, kullum sai ya zuba mata bokitin dusa, gobe ya matsar da shi taku goma kusa da turken ƙarfe, wato kejin da ake tsare dabba a ɗebi jininta, har mako uku, sai ta shiga da ƙafarta.

A gidan shayin bakin titi ba sa raga masa. "Elwood, har yanzu zance kake zuwa wurin tsohuwar nan? Yaushe za a sa rana?"

"Sai ta amince," in ji shi. "Ba irin taka ba ce da ta biyo ka don ta ga sabuwar mota."

Dakta Arlen Sletten, likitan dabbobinmu, yana wurin shekarar da guguwa ta kayar da shinge garken ya fita har layin dogo. 'Yan sanda sun riga sun ɗana bindigogi. Elwood ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya ɗauki bokiti ya taka mil huɗu cikin ƙanƙara, Kaka na bin sa, sauran na bin ta, ya dawo da su ba a rasa ko ɗan maraƙi ba. Yatsun ƙafarsa biyu sanyi ya cinye a wannan tafiya. Ko takardar godiya kwamiti bai rubuta masa ba.

Bara garin ya cika shekara ɗari, kuma sai an yi gwajin jini kafin a bar baƙi su kusanci filin. Shugabar kwamiti, Marlys Hoffer, ta makara wajen neman likita, sai ta zo ta sauke laifin a kan Elwood.

"Kwana biyar gare ka," ta ce.

"Mako uku nake buƙata, Marlys."

"Haba Elwood! Ƙanena yana shigar da shanu ɗari biyu turke kafin kofinsa ya huce."

"To ki kawo shanu ɗari biyu ki nuna wa baƙin. Waɗannan in kika matsa musu, wani zai mutu."

Ta yi tsaki ta tafi. Ran kwana na huɗu ta turo ƙarti shida a kan babura masu ƙafa huɗu, suna ihu suna kaɗa huluna. Dakta Sletten ya ce Elwood ya tsaya a bakin fili yana ɗaga hannu yana roƙo, suka wuce shi kamar ba mutum ba. Kaka ta kwasa a guje, garke na bayanta, ta yi karo da ƙofar turke da dukkan ƙarfinta. Ƙarfen ya yage mata wuya, ƙashin ya karye. Elwood ya durƙusa kusa da ita har ta daina shure-shure. Tun daga ranar garken ba ya amsa kiran kowa, har shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Kwamiti ya sa aka feɗe ta, aka cika fatar har ta koma siffarta ta da, aka tsayar da ita a tsakiyar zaure da idanun gilashi. Aka rataya allo a gabanta: wai ta mutu da tsufa, cikin kwanciyar hankali, a hannun masu ƙaunarta. A gidan da aka gina don a faɗa wa jikoki yadda kakanninmu suka ƙarar da miliyoyin ɓauna saboda gaggawa da haɗama, a nan aka rataya wannan!

Marlys ta kira shi ofis. "In an tambaye ka, ka karanta abin da ke allon. Shi ke nan. Me zai rage ka da shi?"

"Ina wurin," ya ce.

"Saura shekara biyu ka huta da mutuncinka. Kar ka yi taurin kai."

"Na ce miki ina wurin."

Mako biyu bayan haka Misis Tveit, malamar makaranta, ta kawo ajinta. Ita ta ba ni labari. Ta karanta wa yara allon, ta juya ta ce, "Allah sarki. Mista Brandvold, ta sha wahala kuwa a ƙarshe?" Elwood ya cire hularsa, ya ce, "Ba tsufa ba ne, Misis Tveit. Mu muka kashe ta. Mun kore ta da babura don mu yi biki a kan lokaci." Kafin wata ya ƙare takardar ritayarsa ta iso, har da gayyatar cin kek.

Elwood, kai ne ka ce "mu", alhali ba ka hau babur ba. Waɗanda suka hau, da wadda ta turo su, har yau ba wanda ya buɗe baki. Kai ne mai bokiti, mai haƙurin mako uku, wanda ya san aikinsa zai tafi kuma ya faɗi gaskiya a gaban yara. Mun gode. Mun kuma ji kunya, domin da yawanmu mun san abin da ya faru muka yi gum, har da ni mai wannan rubutu.

Jiya na same shi yana kwashe kayansa, na tambaye shi me yake so in rubuta. Ya ce kar in yabe shi. Ya ja ni gaban Kaka, ya ɗaga dogon gashin wuyanta ta hagu. Ɗinki ne a wurin, baƙi, mai kauri, ya fi tsawon hannuna.

"Wannan za ka rubuta," ya ce.

To na rubuta. Daga ran Asabar babu sauran mai faɗa muku da baki, sai allon Marlys. Ku je da 'ya'yanku, ku tsaya ta hagu. Akwai igiya da ɗan rubutu da ke cewa kar a taɓa. Ku tsallake igiyar ku ɗaga gashin.