Ranar da Isaka ya tuƙa keken Baba Nomau

Har gobe ban manta da ranar da Baba Nomau ya turo kekensa cikin tashar Dogon Dutsi yana ɗingishi ba. Da damina ne, a shekarata ta shida ina sakataren sandikar direbobi. Ga wanda bai san tsarinmu ba, sandika ce ke tsara layin lodi, ita ce kuma ke sauraren duk wanda ya kawo kukan direba. Akwai shugaba a samana, amma a teburina ƙara take fara sauka.

Baba Nomau wanzami ne, dattijo mai furfura, da keke yake zagaya ƙauyukan bakin kwalta da zabirarsa. Ya ce kwana uku da suka wuce wata motar haya ta wuce shi dab da dab, har ya kauce ya faɗa rami, gwiwa ta bugu. Bai riƙe lamba ba, amma ya ga zanen zabuwa a bayanta. Duk tasha an san motar Isaka ce.

"Baba, ka je wajen jandarmomi?" na tambaye shi.

"Na je, Sakatare. Har kujera sunka ba ni. Sunka ce motar ta taɓa ni? Na ce iskarta dai. Sunka ce in babu karo, babu abin da za su auna su rubuta."

Ban ga laifinsu ba. Dokar hanya da muka karanta lokacin neman parmin tuƙi ta ce a bar wa mai keke tazara, amma wa zai auna tazara bayan mota ta wuce?

Na aika aka kira Isaka, ƙaton mutum mai fara'a wanda bai taɓa yin haɗari ba. Ya durƙusa ya gai da dattijon, sannan ya ce, "Wallahi ban taɓa shi ba, har oda na yi mishi."

"Odar taka ce ta fara tsinka mini zuciya, ɗana," in ji Baba. Ya miƙa hannuwansa muka ga suna rawa. Ya ce tun ranar, da ya ji ƙarar mota haka suke yi, ga shi aikinsa aska ce a kan mutane.

A ƙa'idarmu, irin wannan laifi cire direba ake yi daga layi kwana uku. Da na faɗi haka, Baba ya girgiza kai. Ya ce iyalin Isaka ba su yi masa komai ba. Abin da yake so, Isaka ya hau keken nan ya goya shi zuwa bakin gari su dawo. Na leƙa wurin shugaba, ya yi murmushi ya ce, "Mai ƙara ya yanke, mi ya rage?"

Tasha ta cika da dariya da Isaka ya hau, gwiwoyinsa na neman kai wa ƙirji, dattijo a baya riƙe da rigarsa. Na hau babur ɗin kabu-kabu na bi su a hankali. Ba mu yi nisa ba wata babbar mota shaƙe da albasa ta taho daga baya. Da ta gifta, na ga keken ya yi tangal-tangal, Isaka ya sauka daga kwalta ya kafa ƙafafu biyu cikin rairayi. Da na iso, gumi ya jiƙa masa riga.

Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wanga ma ya ba ka wuri. Kai rabin hakan ka bar mini."

Isaka ya sauka daga keken. Da ƙafa ya turo keken har tasha, dattijon na zaune a kai. Babu wanda ya sake dariya.

A taronmu na gaba, Isaka da kansa ya nemi a sa doka: a rage gudu, a yi oda tun daga nesa, a bar wa mai keke faɗin mutum mai buɗe hannu biyu, in babu wuri a jira. Tsawon wata guda kuma shi ya riƙa sauke Baba Nomau a bakin ƙauyukansa, keke a saman mota, har gwiwar ta warke, hannun ya natsu.

Ku da kuka zo bayanmu, abin da na koya shi ne yawancin direbobinmu ba mugunta ke sa su matse mai keke ba. Daga kujerar direba, taku ɗaya wuri ne mai yawa. Takardar ƙara sai an yi karo take fara aiki, amma direban da ya taɓa zama kan sirdin keke mota ta gifta shi, tun daga nesa ƙafarsa ke neman birki.