Mutumin da Kaka Ta Goge a Bangon Banda

Kakarmu ba ta yin tatsuniya sai ranar da akwai kifi a kan banda. Dalilinta shi ne wuta tana son mai tsaro, mai tsaro kuma yana son abin da zai hana shi gyangyaɗi. Tsarin ba ya canzawa. Ana sallame magariba za ta jera tarwaɗa a kan waya, ta rufe da tsohon kwanon rufi, ta danne wutar har ta koma hayaƙi, sannan ta zauna a kan turmin da aka kifa. Mu kuma mu zauna gabanta, ƙanana a gaba, manya a baya. Wanda ya zo bai wanke hannu ba, sai ya koma ya wanke.

Garinmu yana bakin tafki, ba nisa da Warra. Cikin garuruwan da aka gina ne lokacin da madatsar Kainji ta tashi mutane. Ita Kaka a gungu aka haife ta, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi, a can ta yi aure, a can aka binne mijinta. Yanzu gungun yana ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa ya ja sosai, kan giginyoyinsa kawai ake hangowa.

Abin da ya bambanta ta da sauran tsofaffi shi ne zane. Tana magana tana zana abin da take faɗa da gawayi a jikin bangon bandar. Kuma ba ta taɓa zana mutum shi kaɗai ba. Masuncinta hannunsa yakan zarce ya zama filafili, ƙugunsa ya narke cikin jirgi, jirgin kuma ya ƙare da wutsiyar kifi. Na taɓa ce mata ba haka malaminmu ke zana mutum ba. Ta ce, “Angona, malamin naku ya taɓa ganin mutum tsaye ba ƙasa, ba iska, ba tuwo a ciki? In ya gani, shi kawo mini in gani.”

Daren da nake son ba da labarinsa ya faɗo ne a shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi. A lokacin kainuwa ta cika tafki, tana naɗe farfelar inji. Wata rana mahaifina ya shiga ruwa zai warware ta, injin ya zabura, farfela ta same shi ƙasa da gwiwa. An kai shi asibiti mai nisa. Da ya dawo, ya dawo da ƙafar ƙarfe mai maɗaurin fata.

Ya koyi tafiya da ita, ya koyi tsayuwa cikin jirgi a bakin gaɓa. Amma da ya ce zai koma su, sai yayansa, Baffa Manu, wanda jirgin da tarun ke hannunsa, ya ƙi. Ga hujjarsa. Kifin kirki yana wajen tsohon gungu ne. Al'adar garinmu kuwa, idan jirgi ya iso saman gungun, ana kashe inji a ɗaga shi daga ruwa, a nannaɗe wuƙaƙe cikin buhu, a wuce da filafili. Mutane suka ce ma'anar wannan ita ce waɗanda ke kwance a ƙasa ba su son ƙarfe. Baffa ya ce ko dai Baba ya kwance ƙafar a sa ta cikin buhu tare da wuƙaƙe, ko ya zauna gida. Baba ya ce shi ba kaya ba ne da za a raba shi gida biyu. Daga nan ya koma ƙarƙashin darbejiya yana ɗinkin tarun wasu. Ya daina dariya, abincinsa ya ragu, Inna, mahaifiyata, kuma ta fara kuka a ɓoye.

Kaka ce ta haife su duka, amma Baffa ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Don haka ta jira. Ranar da ya zo da kansa kwasar kifin da aka banda masa, ya tsaya daga baya yana jiran a sauke, Baba kuma yana zaune a kan tabarma can gefe, sai ta ɗauki gawayi.

“Ga ta ta fito daga ruwa,” in ji ta.

Muka amsa yadda ta koya mana: “Ta hau tudu mu gan ta.”

Ta ce an yi wani masunci mai alfahari da cewa shi ɗan ruwa ne tsantsa, ba a gauraya shi da kowa ba, ba a gauraya shi da komai ba. Ta zana shi babba, da mashi a hannu, da jirgi, da riga. Wata rana ya zo bakin Kuwara, babban kogin nan, ya ce ta buɗe masa hanya zuwa wani gungu da ba mai shigarsa sai ɗanta na asali. Kuwara ta ce to, amma ya ajiye duk abin da ba nasa ba a bakin gaɓa.

Da farko dutse ya aiko a karɓo ƙarfen mashinsa. Kaka ta sa babban yatsa ta goge mashin. Itacen maɗaci ya karɓi jirginsa, ta goge. Auduga ta karɓi rigarta. Mutumin ya tsaya yana murmushi, ya ce to ga shi nan, shi da kansa. Kuwara ta yi dariya har kumfa ta taru a gaɓa.

Sai ga wata tsohuwa ta gangaro daga kan tudu, Bakambara, da ƙwarya a kafaɗa. Ta ce, “Ƙafafun ga na hawan dutse nawa ne, ni na haifi kakar kakarka.” Ta kwashe su. Wata Bafillata ta zo ta cire dogon hancinsa. Wani falke Bahaushe ya ce harshen da yake fahariya da shi a bakin kakanninsa aka are shi, ya karɓe. Bayan mutane sai kifaye suka taso, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, duk waɗanda ya ci tun yana yaro, kowanne ya yagi tsokarsa ya koma. Dawar da ya ci ta karɓi ƙashinsa. A ƙarshe Kuwara da kanta ta janye ruwan idonsa da ruwan jininsa.

Kowane abu ta ambata, yatsan nan yana gogewa. Ban taɓa jin shiru irin na wannan lokacin ba. Ko kitsen kifi da ke ɗiga cikin garwashi sai da muka riƙa jin ƙararsa. Mutum ne muka gani da idonmu, ƙato, ga shi yana ƙarewa a gabanmu, ba wanda ya sare shi, ba wanda ya cuce shi, kowa nasa kawai ya karɓa. Na taɓa hancina, na taɓa gwiwata.

“Mi ya rage?” Kaka ta tambaye mu.

A bangon babu komai sai ɗan baƙi-baƙi kamar inda hayaƙi ya lasa. Ta ce wannan numfashinsa ne, iska kuma tana tsaye tana jiran abinta, ita ma kanta tana jiran umarnin Mai ita.

Ƙanwata Hassi ta fashe da kuka. “Kaka, maido shi!”

“Ni? Da mi? Shi ba shi da bakin roƙo. Sai dai ku roƙa mishi.”

Muka shiga roƙo da ƙarfi. Muka roƙi dawa, Kaka ta zana ƙashi. Muka roƙi kifaye, ta mayar da tsoka. Muka roƙi falke da Bafillata, suka ba da aro. Amma da muka zo kan Bakambara, Kaka ta ce tsohuwar ta riga ta yi nisa, ƙafa guda kawai ta jefo daga kan tudu. Hassi ta ja numfashi za ta sake sabon kuka. Kaka ta ce ta yi haƙuri, dutse yana nan bai tafi ba. Dutse ya ce shi da ya ba da aron mashi, aron ƙafa ba zai gagare shi ba. Ta zana ƙafa ta biyu miƙaƙƙiya, da ƙusoshi a gwiwa. Da mutumin ya buɗe baki, abin da ya fara cewa shi ne, “Na gode da aro.” Nan take Kuwara ta buɗe masa hanya.

“Ta koma ruwa,” in ji Kaka, ta jefa gawayin cikin wuta.

Baffa Manu ya yi gyaran murya daga baya, ya dubi Kaka. “Inna, wannan ai zancen yara ne. Al'ada kuwa al'ada ce.”

Kaka ba ta juya ba. Ni ta kalla. “Angona, ka ce ma wancan, al'adar ga na girme ta. Shi ma ya girme ta. Ina cikin jirgin farko da ya bi ta saman gungu bayan ruwa ya rufe shi. Kashe inji muka yi don a ji sallamarmu, muka ɓoye wuƙaƙe don ba a shiga gidan iyaye da wuƙa tsirara. Ka tambaye shi, kabarin ubansu da mi aka gina shi? Da yatsa?”

Na tashi tsaye zan isar da saƙo, don ni abin da aka sa ni shi nake yi. Baffa ya ce, “Zauna, ja'iri, na ji.” Ya ɗauki kwandon kifinsa ya fita. Baba kuma bai ɗago kansa ba. Muka kwanta ba mu san inda maganar ta faɗa ba.

Da asuba, bayan an fito masallaci, muka ji an jefar da abu a ƙofar ɗakin Baba. Filafili ne. Muryar Baffa ta biyo baya: “Audu, in za ka tashi ka tashi. Kifi ba ya jiran gurgu.” Baba ya amsa daga ciki, “Yaya, ai ya daɗe yana jiran mai ƙafa biyu bai ga komai ba.” Rabona da jin ya yi wa wani ba'a tun kafin a kai shi asibiti.

Da suka dawo, Inna ce ta fara lura ƙafar a jiƙe take har maɗaurin. Wani cikin 'yan jirgin ya ce da suka iso saman gungu aka kashe inji, Baba ya zauna a gefen jirgi ya tsoma ƙafar cikin ruwa, ya yi wa mahaifinsa sallama da addu'a. Ruwan ya kwanta lumui, ba abin da ya faru. Inna ta ɗauko man gyaɗa tana shafe ƙarfen don tsatsa, tana mita, tana share ido da bakin zane.

Yau gyaran injin jirgi nake yi a Warra. 'Ya'yana suna kallon finafinai a waya, na mutanen da rabinsu na'ura ne, suna gardama ko waɗannan mutane ne ko ba mutane ba. Ina kuma jin manya a bakin ruwa suna rarrabe wane ɗan asali, wane baƙo, wane ɗan tudu. Ba na shiga gardamar. Na daɗe da fahimtar cewa Kaka ba ƙasƙantar da ɗan Adam ta yi ba. Nuna mana ta yi yawan waɗanda suka haɗa hannu, da izinin Allah, kafin mutum guda ya iya tsayawa da ƙafarsa. Wanda ya san haka ba ya zuba baƙin mai a tafki, ba ya kuma ɗaga wa maƙwabci hanci.

Bayan Baba ya rasu, ƙafar ta daɗe a rataye a shagona. Wata rana wani manomi Bakambare mai suna Yohanna ya kawo gyaran injin niƙa, yana dogara sanda, don maciji ya yi sanadin ƙafarsa. Na auna shi, na rage tsawon ƙarfen, na sa baduku ya sake fata. Ya tambaye ni me zai ba ni. Na ce ya riƙe ta da kyau kawai, mu ma aro muka karɓa.

Ƙafar tana da 'yar ƙara a gwiwa wadda mai bai taɓa kashe ta ba. Ran wata kasuwa ina sunkuye a kan inji sai na ji ta tana tahowa ta bayana. Kafin in yi tunani na riga na miƙe tsaye, na goge hannuna a riga, yadda nake yi idan mahaifina ya shigo. Yohanna ne, da buhun dawa a kafaɗa. Ban koma kan injin ba sai da ya wuce.