Garba da Shirun Bakura

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Talata Mafara ya san da hantsi ba a buƙatar agogo. Rana na ɗagowa Garba zai fito da tabarmarsa ya shimfiɗa gindin dogon yaron ƙofar gidansu, ya ajiye rakoda ɗaya a dama, ɗaya a hagu, batirin mota a tsakiya, biro a bayan kunne. Sai ya yi bisimilla ya fara. Kuma kun sani ba waƙa yake saurare ba. Ƙarshen wata waƙa yake haɗawa da farkon wata, yana rage muryar wannan yana ɗaga ta waccan, don gangar farko ta faɗa daidai kan ta biyu, kunne bai ji inda aka haɗa ba. In ta yi, ya mayar da kaset baya da biro ya sake. In ba ta yi ba, ya ce "A'a!" ya mayar ya sake. Ni shagon ɗinkina yana kallon bishiyar nan, don haka shekara ashirin da 'yan kai ina cikin wannan azaba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haƙuri.

Abin ya kama shi ne lokacin ginin dam ɗin Bakolori. Yana shara a inda Turawan da suka zo aikin suke cin abinci, can wajen Maradun. Wata Lahadi suka yi shagali da rana, ya ga wani a cikinsu yana sa faifai biyu, ɗaya na ƙarewa ɗaya na shiga, masu rawa ko tsayawa ba su yi ba. Ya dawo gida idonsa a waje, ya ce mini, "Lawali, na ga abin da zan yi har in mutu." Na ce Allah ya sauwaƙe. Yaran yanzu DJ suke ce wa mai wannan aiki, mu a lokacin mai lasifika muke cewa.

Bai yi wata uku da sayen rakodarsa ta biyu ba aka kira shi wunin biki a Bakura. Ni na ɗinka kayan ango, sai na bi shi. Mata sun cika tsakar gida, kiɗi na tashi, Garba na ta murmushi kamar shi ne angon. Ya zo haɗa waƙa ta huɗu da ta biyar, ta huɗu ta ƙare, ta biyar ta ƙi tashi. Ɗif! Ashe a daidai lokacin gwaggon ango ta kafa baki a kunnen ƙawarta tana ɗaga murya don ta fi lasifika. Sai ga maganarta ita kaɗai a sararin gidan: "Ni dai miyag ga ta dangin amarya ko karen gidanmu ba ya lasatta!"

Wayyo! Kafin ka ce me, an jefar da ɗankwali, an kifar da tukunya, sai da dattawa suka shigo suka raba. Da aka zauna sasantawa kuma, ɓangarorin biyu suka haɗu kan magana ɗaya: laifin mai lasifika ne, da bai kashe kiɗi ba da ba wanda ya ji. Daga ranar mutanen Bakura suka sa masa suna Garba Shiru, sunan kuwa ya riga mu isowa Mafara.

Muka shigo mota har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Wallahi sai na koma Bakura. In yi kiɗi daga La'asar har Magariba, ba a ji shiru ko na ƙiftawar ido ba. Sannan su ba ni sunana."

Na ce, "To wa zai kira ka?"

Ya ce, "Wanga ba naka ba ne. Ni dai in shirya."

Shirin nan shi ne ya cinye mu. Da yake haɗin kawai yake koyo, ba ya barin waƙa ta yi tafiyarta. Akwai wata waƙa da ya fi shekara yana gwaji da ita, ta wani bawan Allah da ya ɗauki hanya neman raƙuminsa da ya ɓace. Kullum sai mutumin ya iso wani ƙauye, an ce masa an ga raƙumi jiya, sai Garba ya yanke ya shigo da kiɗin kalangu. Ran nan Inna Tumba, tsohuwar da ke sayar da ƙuli a maƙwabtanmu, ta dogara sandarta ta zo ta tsaya a kansa.

"Garba, don girman Allah, bari waƙag ga ta kai ƙarshe. Ya samu raƙumin ko bai samu ba?"

Ya ɗago ya dube ta da gaske. "Inna, ni ma ban sani ba."

"Kaset ɗin ba naka ne ba?"

"Nawa ne. Amma aikina a nan tsakiya yake."

Ta ce, "Kai kam Allah shi shirye ka." Har Allah ya yi wa Inna Tumba rasuwa ba ta san labarin raƙumin nan ba, ni ma har yau ban sani ba.

Kada ku zaci kullum da marmari yake fitowa. Akwai ranakun da za ka ga ya zauna ya zuba wa rakodar ido kamar an aiko masa da sammaci. Don irin waɗannan ranakun ne ya kafa wa kansa doka. Ya samo tsakuwa bakwai da ƙoƙo biyu. Duk haɗin da ya fita tsaf, tsakuwa ɗaya ta tsallaka ƙoƙon dama. Kuskure ɗaya, duka su koma hagu, ko da shida ce ta tsallaka. Kuma ba zai sha fura ba sai bakwai ɗin sun cika. Ya kira matarsa Hassi a gabana ya ce, "Ko na roƙe ki, ko na yi kuka, kada ki ba ni."

Hassi ta ce, "To, Malam." Ni dai na lura ta amsa da sauri fiye da yadda ya kamata.

Wata rana batir ya yi sanyi, rakodar hagu na jan ƙafa, tsakuwa ta ƙi wuce huɗu har aka kira Azahar. Ya leƙa gida, Hassi ta nuna masa ƙoƙon hagu da baki. Ya zagayo shagona yana wani sosa ƙeya.

"Lawali, ina gajiya? Hurag ga taka da kyau take."

Na ce, "Da kyau take. Amma an aiko."

"Wa ya aiko?"

"Maiɗakinka. Ta ce duk wanda ya ba ka ko ludayi guda, kai da bakinka ka ce ba ka yafe ba."

Ya nufi wajen mai shayi, an aiko. Ya nufi wajen mai rogo a bakin tasha, can ma an aiko! Ya dawo ya zauna gindin bishiya yana huci, ya ce, "Ban taɓa ganin mace mai riƙon amana irin wagga ba." Sai dab da La'asar ya cika bakwai, ya shanye furar da ta riga ta yi tsami, yana sha yana yabonta.

Sai kuma zancen jaki. Garba ya daina yarda da kunnen mutane, wai duk wanda ya tambaya sai ya ce ta yi, don a rabu lafiya. Ranar Talata, kasuwa na ci, sai ya kwashi kayansa ya tafi inda 'yan ƙauye suke ɗaure jakunansu, ya zauna gaban wani baƙin jaki na wani mutumin Morai. In ya haɗa waƙa jakin ya motsa kunne, haɗin bai yi ba. In kunnen bai motsa ba, ta yi. Na ce masa, "Garba, ƙuda fa? In ƙuda ya sauka masa a kunne?"

Ya ce, "Na yi tunanin wanga. Shi ya sa nike kore mai ƙuda da hannun hagu."

Mai jakin ya yi haƙuri sati uku, a sati na huɗu ya ce shi fa jakinsa ya lalace, ba ya tafiya yanzu sai an yi masa kiɗi. Ya canza wurin ɗauri. Garba ya yi kwana biyu yana jimami, wai ya rasa alƙalin da bai taɓa yi masa ƙarya ba.

A tsawon shekarun nan ya yi kiɗi a Maradun, ya yi a Kaya, ya yi a Jangebe, ko'ina ana yabawa. Bakura kuwa ko gayyatar suna ba ta zo ba. Duk bikin da ya ji za a yi can sai ya aika a ce yana nan, amsar kullum ɗaya ce: a gaida Garba Shiru. Kan haka gemunsa ya yi fari. Kan haka kuma kunnensa ya fara tafiya, don wanda ya yi rabin rayuwarsa jingine da lasifika ba a tambayar dalili. Sai ka yi masa sallama sau uku. Yara masu sababbin na'urori suka cika gari, aka daina kiransa ko'ina. Na ce masa ya huta hakanan.

Ya ce, "Mi kac ce?"

Na ɗaga murya, "Na ce ka huta!"

Ya ce, "Awo, ana zahi." Ya ci gaba da abinsa. Na san sarai ya ji ni.

Abin da ya yi shi ne ya ari jan farcen Hassi ya ɗiga alama a jikin kowane kaset, daidai inda zare yake kaiwa in lokacin haɗi ya yi. Ya koma cire takalmi yana ɗora tafin ƙafarsa kan akwatin lasifika, yana jin bugun ganga ta ƙafa. Ido na kan alama, ƙafa na kan katako. Tsakuwar nan bakwai da ya saba cikawa kafin rana ta yi zafi ta koma kai shi Azahar kamar sabon shiga, bai fasa ba ko rana ɗaya.

Ana nan sai Allah ya kawo wa 'yata Balki miji, ɗan Bakura. Da dangin ango suka zo tsara yadda za su yi wuninsu a can, na ji bakina yana cewa ina da sharaɗi ɗaya: Garba ne zai yi kiɗi. Babban wansu ya dube ni ya ce, "Malam Lawali, Garba wanne? Shiru?" Na ce shi. Ya ce, "An ce ma yanzu bai ji." Na ce an faɗi gaskiya. Uwar Balki ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni kaina tsoro nake ji. In aka sake yin abin da aka yi, 'yata ce za ta zauna cikin garin da abin.

Ranar wunin, ana sallame La'asar ya tayar da kiɗi. Na samu kujera kusa da shi na zauna, idona na kan hannunsa. Haɗi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Wajen na tara, ina kallo, rakodar dama ta kama zaren kaset ta fara ci ana tsakiyar waƙa, nesa da alama. Ni na ji muryar mawaƙin ta fara lanƙwasa, shi bai ji ba, amma ya ga zaren ya daina juyawa yadda ya saba. Hannunsa na hagu ya riga ya isa ɗaya rakodar. Ya ɗan jira, ƙafarsa na ƙirga, sai ya sake ta. Ganga ta faɗa kan ganga. Matar da ke tsakiyar fili ko ɗaga kai ba ta yi ba. Shi kuwa ya zaro kaset ɗin da ya lalace ya tura aljihu, zufa na ɗiga daga gemunsa. Haka ya yi ta yi har ladan ya gyara murya, sannan ya rage sauti a hankali ya kashe da hannunsa.

Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya zo ya ce sannu. Mata suka watse neman takalmansu, aka ba shi tuwon shinkafa a kwano kamar kowa. Gaskiya na ji haushi, har na so in tashi in yi magana.

Da muka shiga mota ya matso da kunnensa kusa da bakina.

"Lawali, mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba."

"Ko mutum guda?"

"Ko guda. Zancen atamfar uwar ango suke yi."

"Na tara hwa? Ba wanda ya waiwayo?"

"Ba wanda ya san an yi wani abu."

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ta yi." Sai na ga hawaye na bin gefen hancinsa. Ya goge da hannun riga, ya ce direban nan ya cika gudu, iska na shigar masa ido. Gilashin motar kuwa a rufe yake.

Bai kai damina biyu ba bayan wannan. Zazzaɓin kwana huɗu ne, Allah ya karɓi abinsa. Cikin masu zuwa gaisuwa har da mota guda daga Bakura, kuma na kasa kunne da kyau: Malam Garba suka ce.

Allah ka jiƙan Garba, ka gafarta masa, ka yafe masa hayaniyar da ya cika mu da ita, don mu kam mun yafe. Ka sa fitarsa daga gidan nan da shigarsa wancan sun zo masa da sauƙi. Ka ba Hassi haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.